Malamar da Ke Toshe Kunnuwa

A ƙofar makarantar da nake ɗaukar ɗiyar yayata, wata malama gajeriya tana tsaye, muryarta a dishe, hannun rigarta duk alli. Gabanta wani uba ne fuska a murtuke, ya riƙe ɗansa gam. Sai ta sa tafukanta ta toshe kunnuwan yaron.

"Baba, yau mutumin naka ya ciji abokinsa. Mun sasanta su, don Allah kada a taɓa shi a gida."

Ta ɗauke hannuwan, ta ɗaga murya: "Kuma shi ya share mana aji tas!"

Ina zaton tana ƙarama an sha faɗar laifinta tana ji. Uban ya sassauta riƙon, ya karɓi jakar yaron ya rataya.