Haddar da Ba Ta Isa Ba

Wahala ce kawai, ba ta da wani suna. A ce ka koya wa yaro jin harshen da kai kanka ba ka ji.

Matata 'yar Indonesiya ce. Girki take yi a gidan wani ɗan kasuwa a Wustul Balad, tsakiyar wani birnin Larabawa, inda nake gadi. Ta rasu 'yarmu na aji biyu. Kafin ta cika ta roƙe ni kada yarinyar ta rasa harshensu, don akwai kaka a can da ba ta jin Larabci balle Hausa. Na ce to.

Matan ɗaliban ƙasarsu na da ajin 'yan firamare ranar Juma'a a unguwar Hayyin Ashir. Daga unguwar Faisal muke tasowa, a matse cikin mota. Malamar ta ce yarinyar na karantawa, amma in aka yi mata magana sai ta yi zuru. Ta ba ni kaset na gajerun labarai da muryarta, a riƙa kunna mata.

Ni allo kawai na sani, shi ma ban yi nisa ba. Sai na yi yadda aka yi mini. In kunna, in tsayar, ta maimaita. Sai ta biya ba tuntuɓe mu wuce gaba. Maƙwabcina ya tambaya ko sabuwar ɗariƙa muka shiga.

Ranar da na ga ta sauke, na kai ta ina taƙama. Ta karanto kaset ɗin kaf, har da inda malamar ta yi tari. Sai malamar ta ce mata wani abu kaɗan. Daga baya na ji ashe umartar ta ta yi ta rufe taga. Yarinyar ta dube ni, ta sake ɗauko labarin daga farko. Yara suka yi dariya.

"Ma'alish, ya ammu," in ji malamar da Larabci, wato yi haƙuri, baffa. "Ta haddace, amma ba ta ji ba. Wa ke mata magana a gida?"

Babu kowa. Ta ce in bar musu ita ta zauna cikinsu, kunne sai da mutane. Na ce ita kaɗai gare ni.

A mota yarinyar ta ce, "Baba, in Kaka ta kira sunana zan gane, ko?"

Washegari na ɗaure kayanta a zanin uwarta, na kai ta Hayyin Ashir, na wuce gadi.