Magen Inna da Allurar Zariya

Sana'ata sayen masara ne a kasuwannin ƙauye in tara a sito a Funtua, in farashi ya tashi in sayar. Mai wannan sana'a kuwa ba shi da abokin gaba kamar ɓera. Shi ya sa da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta taso daga Tsiga ta dawo zama wurinmu, ta zo da wata farar mage a cikin kwando, na karɓe ta hannu bibbiyu.

Magen ta yi aiki. Kafin kaka ta wuce ɓeraye sun yi ƙaura. Sai dai ni ma na kusa bin su, don numfashina ya fara sarƙewa, ƙirjina na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na ɗora wa ƙurar masara laifi. Matata ta ce sanyi ne. Inna ta ce rashin shan kunun kanwa ne, ta kuma dama mini.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na tafi wani asibiti a Zariya. Likitar ta ce asma ce, amma tana son sanin abin da ke tayar da ita. Ta ɗiɗɗiga wasu ruwaye a damtsena, ta ɗan tsattsaga fatar. Jim kaɗan wuri ɗaya ya yi luhu-luhu yana ƙaiƙayi.

"Alhaji, kuna da mage a gida?"

"Muna da ita, likita. Ma'aikaciya ce."

"To, ma'aikaciyarka ce ke shaƙe ka."

Na dawo na faɗa wa Inna. Ta dubi magen da ke kwance a kan tabarmarta, ta dube ni.

"Ita da ko kallonka ba ta yi?" in ji ta. "Kai dai ka cika raki tun kana yaro."

Duk da haka ta yarda aka mayar da ita Tsiga wurin ƙanena. Na ɗan samu sauƙi, amma duk siton da na shiga ciniki, daga Maska har Mahuta, akwai magensa, sai in fito ina haki. Ɓeraye kuma suka dawo da 'ya'ya da jikoki. Inna ta daina yi mini doguwar hira.

Da na koma asibiti, likitar ta ce akwai wata hanya, ko da yake ba ko'ina ake samun maganin ba, sai an yi odarsa. Za a riƙa yi mini allurar abin nan na jikin mage da jikina ke ƙi, a fara da ɗan mitsitsi, a riƙa ƙarawa, har jikin ya saba ya daina faɗa da shi. Ta ce abu ne na shekaru, kuma kada in yar da abin shaƙar asma da ta ba ni.

Da Inna ta ji, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Wato ka kori mage daga gida, ka bi ta Zariya a zuba maka ita a jini."

Haka na riƙa shiga motar Zariya duk mako, daga baya duk wata. Bayan allura sai a zaunar da ni a benci a ga ko jikin zai yi gardama. Sau ɗaya ya yi, na yi ta atishawa, idanuna suka kumbura, aka ba ni magani aka rage ƙarfin allurar. A bencin nan na saba da wata malamar makaranta da ake yi wa tata saboda ƙurar ɗaki. Ta ce ni na ji daɗi, nawa abokin gabar ana iya ganinsa.

Sannu ba ta hana zuwa. A damina ta biyu na lura na wuni a siton wani abokina, magensa na gilmawa ta ƙafafuna, ban laluba aljihu neman abin shaƙata ba. Likitar ta ce a gwada dawo da tamu, da sharaɗin ba za ta shiga ɗakin kwanana ba.

Ƙanena ya kawo ta a babur, ta yi ƙiba, da 'ya'ya a bayanta. Na ce a bar uwar kawai. Inna ta ce ba a raba uwa da 'ya'ya a gabanta. Muka daidaita a kan uwar da 'ya guda, sauran maƙwabta suka kwashe. Har yau ina zuwa allurata, kuma in zan fita Inna kan ce in gaishe da likita.