Ranar da na tsuguna wa Buba Mai Tirela

Shekara arba'in da huɗu ke nan da muka kai Alhaji Buba Mai Tirela makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan garin Landan, ana yayyafi, muna ta zamewa a laka da takalman ofis. Yau na kai shekarun da yake da su lokacin da na san shi, kuma abin da ya same shi ya biyo layi ya iso kaina. Shi ya sa bana na ga ba zan bar ranar ta wuce da addu'a kaɗai ba.

Bafulatanin Adamawa ne, dogo, siriri, mai ƙaramin gemu. Ya tuƙa motocin soja a yaƙin duniya, daga baya wani ofishin gwamnati ya kawo shi Landan a matsayin direba tun kafin a ba mu mulkin kai. Da ya yi ritaya bai koma gida ba, domin matarsa ta rasu, kuma 'yarsa ɗaya tilo, Hajara, tana aure a Camberwell. Sai ya sayi wata doguwar mota ta hannu, ya sa mata ƙugiya a baya, ya ɗaura ƙaramar tirela. Daga nan sunan ya bi shi.

Ya kuwa yi sa'ar lokaci. Shekarun nan ne kuɗin fetur ya ɓarke a gida, mutanenmu suka riƙa sauka Landan kamar masu zuwa cin kasuwar ƙauye. Ma'aikaci zai zo kwas na 'yan makonni, ya sayi firji da talabijin da kafet da keken ɗinki na uwargida, ya tara su a ɗakin hayar da ko wurin shimfiɗa sallaya babu, sannan ya tsaya yana kallonsu. Tasi ba ta ɗauka. Sai a ce masa ya nemi Buba. Shi zai zo ya loda, ya ɗaure da igiya, ya ja har tashar jiragen ruwa ta Tilbury. Ranar Idi kuma tabarmi da tukwanen abinci yake kwasowa zuwa masallacin Regent's Park. Duk Bahaushen da ya zauna Landan a lokacin, akwai wani abu nasa da ya taɓa hawa tirelar nan.

Ni ɗalibi na zo, Babarbare daga Maiduguri, da zanena a fuska. Ranar da aka fara kai ni wurinsa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi, gwamnati ta tuna da ni, ta aiko min da bawa." Na ce masa ban taɓa ganin ubangidan da iska za ta iya ɗauka ba. Ya yi dariya har da tari. Mai karatu ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, wasan nan ba ruwansa da furfura. Ya girme ni da fiye da shekara arba'in, amma ban taɓa gaishe shi a tsugune ba, ban taɓa ce masa Baffa ba kamar sauran jama'a. Bawana nake ce masa, shi ma haka yake ce min. Duk Asabar ina gefensa a mota, ni ne mai ɗaukar firji, shi ne mai cewa Barebari ba su iya komai ba sai turare.

Gwani ne, wannan ba na jayayya. Yana iya mayar da tirela da baya cikin lungun da ni ko keke ba zan so shiga da shi ba, hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, yana ba ni labarin shanun kakansa. Matsalar ita ce gwanintar tana hannu, ciwon kuma a ido ya zo.

Wata Asabar da hantsi mun ɗauko kaya daga Peckham, muka zo wata kwana za mu karya hagu. Wanda ya san tirela ya san ba ta bin sawun mota, yanke kwana take yi, dole direba ya buɗe mata. Ranar bai buɗe ba. A bakin titi akwai wata Baturiya tsaye da keken jariri. Ni da ke zaune ta ɓangarenta na ga tayar tirelar ta hau dakalin titi, na ga matar ta fizge keken baya da ƙarfi har ta faɗi zaune. Ƙarfen gefen tirelar ya wuce daidai inda kan yaron yake. Na juya na dubi Buba, na same shi yana ci gaba da labarinsa. Ba wai ya basar ba ne. Bai gan ta ba sam, kuma wannan ya fi komai tayar min da hankali.

Da yamma na je gidan Hajara na faɗa. Mijinta, Dakta Sani, likita ne a babban asibitin unguwar. Ya sunkuyar da kai ya ce ya daɗe da sani. Ya lura tsohon ba ya ganin kofin shayi idan an ajiye masa a gefe, yana cin karo da ƙofa, kuma wani abokin aikinsa da ya duba shi ya tabbatar hawan jinin ido ne, irin wanda ke cinye gani daga gefe ya bar na tsakiya. An ba shi maganin ɗigawa, an gaya masa da Turanci ya rage tuƙi, ya ce to, ya fito ya shiga motarsa. Na tambayi Dakta me ya hana shi magana. Ya dube ni kamar na ce ya cire wando a kasuwa. Mutumin da ke gaya wa baƙi cutarsu ido da ido kullum, amma surukinsa ko cin abinci ba ya iya yi a gabansa, balle ya ce masa ya tsufa. Hajara kuma 'yar fari ce, tsakaninta da mahaifinta gaisuwa ce da kawar da kai. Ga shi Sallah ta matso, kuma ya riga ya yi wa jikokinsa biyu alkawarin zai ɗauke su a bayan mota, da tirela cike, su bi babbar hanya zuwa wata gona inda ake yanka ragunan layya.

Duk suka zuba min ido. Ni ne abokin wasa, ni kaɗai aka yarda in faɗa masa duk abin da ya zo bakina.

Na kuwa faɗa, ba sau ɗaya ba. Na ce masa makahon Bafulatani ya kusa kashe ɗan Turawa. Ya ce ai Babarbare ko giwa ya gani tsaye sai ya rantse ta faɗi. Na ce ya ajiye tirela ya koma kiwo. Ya ce zai koma, in na yarda in zama jakin ɗaukar kayansa. Kowace magana na jefa sai ya cafe ya mayar min da wadda ta fi ta, yana jin daɗi. Nan na gane tarkon da muke ciki. Waɗanda zai ɗauki maganarsu da gaske ba su da bakin faɗa, ni mai bakin kuma duk abin da na faɗa wasa ne.

Ana jibi Sallah na same shi a bayan gidansa yana shafa wa ƙugiyar tirela giris. Tun daga nesa ya fara, wai bawa ya makara. Na zo gabansa na cire takalmi a kan simintin nan mai sanyi, na tsuguna har ƙasa, na gaishe shi yadda ake gaida uba. Hannunsa ya tsaya. Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri. Matar nan da jaririnta gaskiya ne, da idona na gani, kai kuma ba ka gan su ba. Kada ka ɗauki yaran Hajara."

Sannan ya ce in tashi in tsaya a gefensa na hagu, in ɗaga hannu. Ya kafe idonsa a kan bango, ya ce in riƙa matsowa gaba a hankali. Sai da na kusa zuwa gabansa sosai ya ce, "Yanzu na gan ka." Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Na gode, Malam Bukar."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. A shekarar Dakta Sani ne ya kai yara gona, tirela kuma aka ba wani ɗan Gana da ke Dagenham. Motar ma bai daɗe ba ya rabu da ita, ya koma hawa bas da sandarsa. Bai yi fushi da kowa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Amma wasa ya mutu. Idan na je sai ya miƙe zaune ya gyara hula, ya tambaye ni karatu da mutanen gida, Malam Bukar kaza, Malam Bukar kaza. Na gwada tsokanarsa sau da yawa, sai ya yi murmushi ya ce Allah ya shirya. Na ji zafin wannan ƙwarai, kuma har yau ina ji. Ban yi nadama ba, amma na san abin da na biya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Landan ta yau. Motoci sun zo da kyamara a baya, suna ƙara idan ka kusa bango. Na tabbata zai ce an yi su ne domin Barebari. Hukuma kuma takan sa wanda ya kai saba'in ya riƙa sabunta lasisi yana shaida lafiyar idonsa, sai dai mutum shi ke ba da shaida a kan kansa, kuma ban taɓa ganin tsohon da ya tashi da safe ya ji ya tsufa da tuƙi ba. Mutane suna tambaya wace shekara ya kamata a daina jan tirela ko tuƙa babbar mota. Ni ban san wata shekara ba. Na ga mai tamanin da wuyansa ke juyawa lafiya, na ga mai sittin da bai kamata a ba shi ko baro ba. Abin da na sani shi ne lokacin yakan zo ba tare da mai abin ya ji ba, na gefensa ne ke gani.

Ni ma bayan na yi ritaya na sayi irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da murhu, muna zagaya bakin teku da Hajiya, mai ɗakina. A bazarar da ta wuce na goge madubin wata mota a wurin fakin ban sani ba, sai da mai ita ya biyo ni. Da muka dawo, 'yata Falmata, haifaffiyar Landan, tana zuba min shayi ta ce, "Baba, you need to stop driving that thing. Idonka is not the same." Wato in daina tuƙa motar, idona ba kamar da ba ne, kuma ko tsugunawa ba ta yi ba. Na yi kwanaki ina kumbura, ina cewa yaran zamani ba su da kunya. Sai daga baya Hajiya ta gaya min yarinyar ta fi wata tana juya maganar, kuma bayan ta faɗa min sai ta shiga bayi ta yi kuka. Na tsaya gaban bango na ce Falmata ta tsaya a haguna ta ɗaga hannu. An sayar da motar kafin kaka.

Tirelar Buba ta daɗe da zama ƙarfen bola, firjin da muka yi ta ɗauka duk sun mutu, yawancin masu su ma haka. Jikokin nan biyu kuwa suna nan, ɗaya har ta yi jika. Abin da ya rage min nasa shi ne yadda dattijo mai girman kai ya auna kansa da kansa a bayan gida, ya karɓi sakamakon ba gardama.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je asibiti, na tarar ganin ya tafi gaba ɗaya. Na yi sallama a hankali na tsaya bakin gado. Ya juyo da kai wajen muryata, ya shaƙi iska, ya ce wa Hajara, "Ina jin warin turare. Wa ya bar bawan nan ya shigo ba a ɗaure ba?" Na buɗe baki in rama, kamar yadda na yi shekaru ina jira, sai na kasa. Allah ya jiƙan bawana.