Biyar da Ta Fi Ashirin: Tafiyata Ƙarfi da Malumfashi

Talata: tashi daga Funtua

Na fita daga gida ƙarfe biyar da rabi, ina sallame sallar Asuba. Ban karya kumallo ba, domin wanda ya kwana da fushi ba ya jin yunwa.

Ga dalilin tafiyar. Ƙanena Isuhu manomin masara ne a Ƙarfi, ya daɗe yana shan taba, kara goma a rana. Da damina ya kwanta ciwon ƙirji, likita ya ce ya bar taba ko ta kai shi kushewa. Ni ne na shiga wani shago a nan Funtua na sayo masa abin zuƙa mai caji, wanda samari ke kira shishar aljihu, don mai shagon ya rantse mini da shi ake rabuwa da sigari. Iri biyu ya nuna mini, ɗaya an rubuta 20 a kwalinsa, ɗaya an rubuta 5. Ni taki nake sayarwa, shekara da shekaru ina karanta lamba a jikin buhu, na kuma san babbar lamba ita ce ƙarfi. Sai na ɗauki mai 5, don ba a zuba wa tsiro mai rauni taki mai zafi. Isuhu ya yi mini alkawari ya bar sigari ke nan. Bayan wata uku matarsa Rabi ta bugo mini waya tana kuka: kwali guda yake shanyewa a rana, kara ashirin, ga abin zuƙar, ga tari ya dawo.

Na isa tasha ƙarfe shida saura goma. Ƙaramar mota ce a kan layi, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Ba mu cika ba sai shida da ashirin da biyar. Ko fita gari ba mu yi ba direba ya kunna sigari.

Na ce, "Direba, kashe wannan abin."

Ya ce, "Alhaji, ita ce fa kumallona."

"To ka karya da ita a gidanku, ba a hancina ba."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ku ƙyale shi, Alhaji, in bai sha ba rami zai zuba mu." Kowa ya yi dariya ban da ni. Ya ƙara zuƙa biyu sannan ya jefar.

Shingen bincike biyu muka wuce. Na farko wajen Bakori, ɗaga hannu kawai aka yi mana. Na biyu aka sa direba ya buɗe bayan mota aka duba buhunan barkono, minti goma sha biyar suka tafi a banza. Na sauka Ƙarfi ƙarfe takwas saura ashirin da biyar.

Ƙarfi

Ban sha wahalar neman Isuhu ba. Yana zaune a bencin mai shayi a bakin titi, sigari a hannu, mutane kamar takwas kewaye da shi. Ban yi sallama ba, kuma wannan laifi ne. Na fizge kwalin sigarin daga aljihunsa na jefa ƙasa na take.

Na ce, "Marar alkawari! 'Ya'ya shida za ka bar wa wa? Ni?"

Ya miƙe tsaye, mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya, abin da ka kawo mini ne."

"Au, ni ma na zama mai laifi?"

"Ban ce ba, Yaya. Satin farko na bar sigari, Allah shaida. Amma shi wannan abin ba ya ƙarewa kamar kara, a gona ina zuƙa, a kan babur ina zuƙa. To mu nan sai a kwana uku ba wuta. In cajinsa ya mutu sai in koma sigari. In na sha kara goman da na saba, kamar iska na sha."

Mai shayi ya sa baki ya ce, "Alhaji, ku zauna a haɗa muku mai kauri, zuciya ta sauka."

Na ce, "Da kai nake?"

Ban yarda da ko kalma ɗaya ta Isuhu ba. Na ce ya ɗauko abin zuƙar da kwalinsa, likita ya raba mu. A gidansa Rabi ta kawo koko da ƙosai, a tsaye na sha.

Malumfashi

Bas muka samu ƙarfe tara da minti goma, minti ashirin ta kai mu Malumfashi. Keke napep ya sauke mu a ƙofar asibiti. Muka yanki kati muka bi layi, ba mu ga likita ba sai ɗaya saura kwata.

Likitan matashi ne, mai sanyin magana. Ya saurari ƙirjin Isuhu, sannan ya karɓi kwalin yana jujjuya shi.

Ya ce, "Wa ya zaɓo wannan?"

Na ce, "Ni. Na guje wa mai ashirin, na ɗauko masa marar ƙarfi."

Ya nuna mini wata 'yar alama a gefen biyar ɗin, ɗigo biyu da sanda a tsakani. Ya ce, "Baba, buhu biyar da tiya ashirin, wanne ya fi yawa?"

Na ce, "Wannan ai ba tambaya ba ce."

"To haka aka yi muku. Ma'auni biyu ne daban. Wannan kashi biyar cikin ɗari ne, in aka mai da shi ma'aunin wancan ya zama hamsin. Mai ashirin ɗin kashi biyu ne kawai. Mafi ƙarfin kuka ɗauko."

Ya yi mana bayani daki-daki. Na ɗaya, nikotin shi ne sinadarin da ke ɗaure mai shan taba, kuma in jiki ya saba da mai yawa, mai yawa zai riƙa nema. Na biyu, in ya yi kaɗan ƙwarai ma mutum sigari yake komawa don ya cike gurbi. Na uku, mafi alheri a rabu da duka biyun, amma da tsari, ana ragewa mataki-mataki. Ya ce a jingine mai biyar ɗin tun yau, ya tsara wa Isuhu yadda zai rage, ya rubuta magani da hoton ƙirji na washegari, ya ce ya riƙa dawowa duk sati biyu.

A buhun taki duk lambobi da mudu ɗaya ake aunawa. Wane irin zalunci ne a jera kaya biyu a kanta ɗaya, kowanne da nasa mudu, a bar mai saye ya yi ta lalube? Fushin da na taho da shi daga Funtua bai ragu ba, wanda nake fushi da shi ne ya sauya.

Mun ci shinkafa da wake a bakin kasuwa. Muka sauka gidan wani abokin cinikina, ya ba mu ɗakin zaure da tuwon masara miyar kuka.

Laraba: komawa

An ɗauki hoto ƙarfe takwas da rabi. Likita ya ce huhun bai lalace ba tukuna, amma babu sauran wasa. Muka hau bas ƙarfe goma sha ɗaya.

A Ƙarfi Isuhu ya ce in wuce abina kada rana ta yi mini. Na ce a'a, na sauka na ja shi har bencin mai shayi. Mutanen jiya kusan duk suna nan. Wannan karon na yi sallama.

Na ce, "Jiya a nan na kira ƙanena marar alkawari. To ku shaida, ni na ƙara masa ciwo da hannuna. Isuhu, ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Yaya, babba ba ya roƙon ƙarami."

"Yau ya roƙa."

"Na yafe. Amma ba zan sake yi maka alkawari ba. Abin da na iya kullum, Rabi za ta gaya maka."

Mai shayi ya ce, "Yanzu dai a haɗa mai kaurin?" Na zauna na sha.

Na shigo Funtua ƙarfe biyu da kwata, ban nufi gida ba sai shagon nan. Na ajiye wa mai shagon kwalin a kan kanta.

Na ce, "Ka san biyar ɗin nan ta fi ashirin?"

Ya ce, "Alhaji, ku fa kuka zaɓa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Wallahi yadda aka kawo mini nake sayarwa. Ni dai na san mai biyar ya fi tafiya, wanda ya saya sai ya dawo."

Na ce, "Wanda ya faɗa rijiya ma ai ba ya barin wurin." Na gaya masa duk wanda ya zo sayen taki wurina sai ya ji labarin nan, kuma na fara tun ranar.

Na shiga gida ana kiran La'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa likitan da bai yi mini dariya ba, da mai masaukinmu, da Rabi da ba ta rufa wa mijinta asirin da zai kashe shi ba. Mai shago ba shi da godiya a wurina.

Bayan Magariba Rabi ta bugo ta ce yau kara goma sha biyu Isuhu ya sha. Goma tasa ce tun asali. Biyun da ke kai ni na ɗora masa, kuma ba zan daina hawa motar Ƙarfi ba sai na sauke su.