Ranar da Man Kaɗe Ya Ƙi Kwanciya

Shekarun baya can, tun muna jihar Sakkwato, ɗiyata ta haihu a Wara. Duk Yelwa an san man kaɗena, to da wane ido zan shiga gidan surukai ran suna babu ƙwarya a kaina? Na dafa mai da safe, amma bazara ce, har azahar yana nan ruwa tsululu. Jirgin ruwan Wara kuwa washegari zai tashi, mai jirgi kuma ya rantse ba ya ɗaukar narkakken mai ya ɓata wa mutane kaya.

Na kai ƙwaryar bakin ruwa, na binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Na gutsuro tsohon mai daskararre, wanda muke kira uwa, na jefa ciki, na yi ta juyawa da muciya. Babban ɗana, malamin kimiyya a sakandare, ya biyo ni da ɗan gilashinsa na auna zafi, ya tsoma.

Da fari yana murna zafi na sauka. Can sai ya ɓata fuska.

"Inna, ya tsaya. Har ma ya ɗan hau. Dabararki ta ƙare, mu ɗura shi a kwalabe."

"Kwalabe? In je suna kamar mai tallan kananzir?"

Na dafa ƙwarya, na ji ɗumi. Na ce, "Kai malam, zafin cikinsa yake amayarwa. Mai ba ya kwanciya sai ya fitar da shi. Cire tsinkenka."

Bakina ne kawai ke da ƙarfi, idona kuwa na kan ƙwarya. Kafin la'asar ta yi sanyi, sai fari ya zagaye bakin ƙwarya, ya yi ta tafiya har tsakiya. Na danna yatsa, ya ƙi shiga.

Ɗana ya dafa ƙwarya, sannan ya ce, "Wallahi yana cikin littafi. In ruwa zai koma daskararre, sai ya saki zafi. Ni nake koyar da shi, amma ban taɓa jin sa a hannuna ba."

A Wara da cokali surukai suka dinga yankar mai.

Har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara tsawo. Ilimi iri-iri ne, nawa a tafin hannu Allah ya ajiye shi. Da aka koma makaranta, ɗana ya roƙe ni in zo da ƙwaryata yara su taɓa. Ni da ban taɓa zama a aji ba, ranar da na fara shiga, gaban allo na tsaya.