Neman Mai Mazarƙwaila

A shekarar da aka ce motoci su bar hagu su koma bin hannun dama na shiga ajin yaƙi da jahilci a Makarfi, ina da shekara arba'in da ɗoriya. Bayan la'asar muke zama, a rumfar wani tela. Sa'o'ina suna tsokanata wai gemu da alli ba su dace ba. Ban kula su ba, don akwai abin da ya kai ni.

Ƙanena, wanda yake bi na, ya shiga soja ana gab da fara yaƙin basasa. Saƙo ɗaya ya aiko a daminar farko, cewa sun nufi wajen Ogoja, daga nan shiru. Yaƙi ya ƙare, waɗansu suka dawo, shi bai dawo ba, ba kuma wanda ya kawo mana takarda. Matarsa ta shekara biyar a gidanmu, ba miji ba takaba. Liman ya ce alƙali yana iya raba auren tunda an daɗe, ita kuwa ta ce ba za ta fita daga ɗakin mutumin da ba a ce ya mutu ba. Inna ma ta hana a yi masa sadaka. Ta ce sai ta ji daga bakin waɗanda suka gani.

Da farko da ka nake riƙe abin da tsofaffin sojoji suke gaya mini, sai na ga kafin in iso gida labarin wannan ya cuɗe da na wancan. Shi ya sa na nemi rubutu. Da hannuna ya ɗan faɗa, na sayi littafi mai layi, na riƙa hawa keke ranar da ba aiki a gona.

Abin da na tarar shi ne, kowa labarin ƙarshen yaƙi yake so ya bayar, ko na tsallaka babban kogi. Watannin farko ba mai ɗaukarsu a bakin komai. Wani mai gyaran keke a Kudan, wanda ya yi soja tun daga farko, ya ce mini, “Malam, lokacin nan ai ce mana aka yi sati biyu za mu yi mu dawo. Wa ya tsaya tambayar sunan gari?”

Na faɗa masa sunan ƙanena. Ya yi dariya.

“Masu wannan suna a cikinmu sun fi goma. Lambarsa fa?”

Na ce ban sani ba.

“To, kai da ka koyi abacada jiya, yau kai ne magatakardan yaƙi?”

Duk da haka ya ba ni ruwa, ya zauna ya lissafa mini inda suka bi: wata gada ta katako, wata makaranta da suka kwana biyu a cikinta, wani gari mai yawan doya. Na rubuta. Haka na yi ta yi har damina ta fita. Kowane mutum shafinsa daban, in gada ta fito a bakin mutum biyu sai in ja layi a ƙarƙashinta. Na san hanyar da suka bi kamar na taka ta, amma ƙanena ba ya cikin littafin.

Mu gidanmu masu rake ne, muna matsewa mu dafa mazarƙwaila. Ranar da zan je Saulawa wurin wani tsohon kofur, na ga bai kamata in je hannu sake ba, sai na ɗauki guda biyu na kai masa. Ya karɓa, ya sunsuna.

“Rabona da wannan tun hanyar Ogoja,” in ji shi. “Akwai wani a cikinmu da ya zo da ita cike da jaka. Da banatin bakin bindiga yake fasa mana. Mai Mazarƙwaila muke ce masa.”

Na tuna Inna tana cusa masa ita a jaka ranar da zai tafi, yana cewa ta yi yawa. Na tambayi kofur ko mutumin yana da wata alama. Ya ce tabon ƙuna a hannun hagu. Kaskon dahuwarmu ne ya yi masa shi, ina tsaye.

Kofur ya ga lokacin da aka harbe shi, da hantsi, a bakin rafi kusa da makarantar nan, amma an tura su gaba, bai ga ƙarshe ba. Daga ranar na daina tambaya da suna, sai in ce Mai Mazarƙwaila. A Nasarawan Doya na sami wani manomi da kunnensa ɗaya ya mutu a yaƙin, sai da na ɗaga murya. Ya ce shi da mutum uku suka yi masa salla, suka binne shi a gindin mangwaro bayan makarantar.

Ranar Juma'a na kawo su biyun gidanmu. Liman ya zauna a zaure, na karanta abin da na rubuta a hankali, ina bin layi da yatsa, su kuma suka ce haka ne. Inna tana daga bayan ƙofa. Abu ɗaya ta tambaya.

“Shi kaɗai ya ci, ko ya raba?”

Kofur ya ce, “Ya raba, Inna. Har ni.”

Ta ce a jiƙa gero a yi masa sadaka. Matarsa ta fara takaba a ranar.

A shafin ƙarshe na rubuta na unguwarmu. Mutum shida suka tafi. Uku suka dawo, ɗaya ba ƙafa. Biyu har yanzu ba labari. Ɗaya yana gindin mangwaro, bayan wata makaranta da ban san sunan garinta ba.