Sandunan Tanti

Mu huɗu muka shirya hawan duwatsun Tuwaiƙ, kwana biyu. Bayan sallar Juma'a muka baje taswira a falona a unguwar Ulaisha, shayi na hucewa, kowa na cika baki kamar a kan dutse aka haife shi. Za mu bar mota inda kwalta ta ƙare, mu yi tafiyar awa biyar a ƙafa cikin kwazazzabai. Can waya ba ta shiga, ruwa kuma sai wanda ka ɗauka.

Ni kaɗai ban yi dariya ba. Likita ne ni, kuma sati biyu kafin nan babbanmu, wani injiniya da muke kira Yaya, ya kawo mini sakamakon gwajin zuciyarsa a ɓoye. Abin da na gani ya tsorata ni. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, don in maganar ta kai kunnen kamfaninsa ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, gida za a mayar da shi.

Na kawo shawarar mu bi gajeriyar hanya. Suka yi mini ca, wai likita ya karaya tun ba a tashi ba. Yaya ya dube ni ido cikin ido.

"Halas, shi ke nan, Likita. Ni zan ɗauki babbar jarkar ruwa. Ko kana da abin faɗa?"

Wallahi raina ya ɓaci, don ya san ya ɗaure ni.

"Babu, Yaya."

A bakin ƙofa na riƙe hannunsa, na ce ya dubi Allah ya fasa. Ya ce shekara da shekaru yana hangen duwatsun nan ta gilashin mota, sau ɗaya dai zai taka su. Ya zare hannunsa ya sauka, ina jin numfashinsa har ƙasan bene.

Ranar Laraba na je kasuwa sayen tanti. Mai shago ya miƙo mini ƙarami mara nauyi, na ture. Na zaɓi wani tsohon yayi mai dogayen sandunan ƙarfe biyu. Na ɗora ɗaya a gwiwa na danna, ba ta lanƙwashe ba. Na tsayar da ita a gefena na auna: Yaya ya fi ni tsawo kaɗan, sandar ta fi shi. In aka ɗaura bargo a tsakaninsu, mutum uku za su iya ɗauko na huɗu.

Matata ta tarar ina ɗaure kayan, ta ce, "Wannan uban nauyi fa?"

Na ce mata saboda iska ne.